Jirgin Alhaji Mai Gyaɗa Kai Kamar Ƙadangare

Assalamu alaikum 'yan gida. Ku yi haƙuri da iskar nan da ke bugun makirfo, yau ba a Agege nake ba, ina bakin ruwa ne a Ikoyi, nan cikin Legas, kusa da gadar Falomo. Benayen can da kuke hange a ƙetare Victoria Island ke nan, ruwan da ya raba mu da su kuma shi ne Five Cowrie Creek. Ni da na tashi a Maraɗi, inda gulbinmu ke kwashe rani cur yana yashi zalla, yau ga ni da rigar ruwa ɗaure har wuya. Dole ce ma, don jami'an LASWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa ta jihar Legas, ba sa barin kowa ya taka jirgi babu ita.

Bari in juya muku kyamara. Kun ga wannan farin jirgin na faiba? Na wani Alhaji ne da muke hulɗar albasa da shi a Mile 12. Dattijon da ke durƙushe a bayansa da sifana a hannu shi ne Baba, mutumin Yawuri, wanda tun yana yaro yake cikin kwale-kwale a kogin Kwara kafin ya gangaro Ikko ya koma gyaran inji. Baba, barka da aiki, ga mutanen gida suna gaishe ka. Ya ce yana amsawa, amma in matsa masa daga haske.

Ga abin da ya kawo mu. Alhaji ya cire tsofaffin injinansa masu shan fetur haɗe da baƙin mai, ya sa sababbi guda biyu na Yamaha, kowane mai ƙarfin doki 250. Kuɗi ya kashe ba na wasa ba, yana sa ran jirgi zai tashi sama. Ranar farko da aka fita, da gudu ya soma kankama sai goshin jirgin ya ɗaga, ya faɗo tim, ya sake ɗagawa, ya sake faɗowa, kamar ƙadangare a kan katanga. Iyalinsa suna ciki. Hajiya ta ce a mayar da ita tudu, kuma tun ranar ba ta ƙara shiga ba.

Na ce, Baba, to ko injin ne jabu? Ya kalle ni ya ce, ɗana, ka taɓa ɗora wa jaki mangala? Na ce tun ina ɗan shekara bakwai. Ya ce to in ka zame ta ta koma kan kuturinsa, laifin jaki ne in tafiya ta lalace? Injin irin wannan shi kaɗai ya kai wajen kilo 250. Guda biyu rabin tan ke nan, kuma ba a cikin jirgin suke ba, a rataye suke can bayan gindinsa. Tsofaffin ba su kai haka nauyi ba. Ga batura biyu da akwatin kayan aiki, su ma duk an cusa su a baya.

Yadda na fahimci bayaninsa, jirgin gudu ba ya keta ruwa kamar kwale-kwale. In ya samu ƙarfi hawa kan ruwan yake yi ya riƙa sulɓi, sai ya zama ɗan ɓangaren baya ne kawai ke taɓa ruwa. Akwai wurin da ruwa ke tokare shi daga ƙasa, akwai kuma wurin da nauyinsa duka ya tattaru yana danna shi. Waɗannan biyun su ne ake so su yi daidai. In nauyi ya zame baya, ruwa ya cilla goshi sama, ya wuce inda zai iya tsayawa, ya rikito, ruwa ya sake cilla shi. Gyaɗa kan ke nan. Direba na iya rage shi da maɓallin tirim, wato ya kwantar da ƙafar injin ciki ta danne goshi, ko ya sauke faifan ƙarfen nan biyu da ke manne a gindin jirgi. Amma Baba ya ce wannan tafiya ce da burki a take, mai kake ƙonawa a banza.

Ku dubi abin da ya yi da safen nan. Baturan nan biyu, a haɗe sun kai kilo 50, ya ɗauke su daga baya ya kawo su ƙarƙashin sitiyari, tazarar mita uku. Na zauna na buga lissafi a waya: jirgi mai nauyin tan biyu, in ka matsar da kilo 50 mita uku gaba, cibiyar nauyinsa ta gusa da santimita bakwai da rabi. Faɗin yatsu huɗu ke nan fa. Na yi dariya na ce, Baba, a kan yatsu huɗu muke wannan gumi? Bai ko tanka mini ba, ya ce in je in kinkimo buhunan yashi.

Ga su nan, buhu huɗu, yashin kaifi irin wanda ake haƙowa a cikin ruwan nan. Su ne balas ɗinmu na gwaji, wato nauyin da ake sa wa jirgi don daidaita zamansa a ruwa. A nan ne na yi abin kunya, kuma ba zan yanke shi daga bidiyon ba. Baba ya tafi alwala, ni kuma sarkin azarɓaɓi na ce ai tunda baya ne ya yi nauyi, bari in jibge su duka can ƙurewar hanci. Muka fita a hankali cikin mashigin, don nan ba wurin gudu ba ne, akwai masu ƙananan jirage da igiyar ruwanka za ta iya kifar da su. Da muka kai sarari, inda ake hango gadar Third Mainland ta miƙe kusan kilomita 12, direba ya ba shi wuta.

Gyaɗa kai ya tafi kam. Sai dai yanzu jirgin noma yake yi, hancinsa a cikin ruwa kamar garma. Wani jirgin fasinja mai zuwa Ikorodu ya wuce mu, muka hau igiyar ruwansa, sai na ji jirgin ya fizge hagu da kansa ba tare da an murza sitiyari ba. Ruwan gishiri ya watso mana, hular da na sayo a Zinder ta tafi, kyamara ta jiƙe, shi ya sa kuke ganin ɗigo a gefen hoton. Direba ya sassauta nan take. Baba ya leƙa gaba ya ga aikina, ya ce, ɗana, wancan ciwon na farko kunya yake ba mutum, wannan da ka haɗa mana shi ne mai kifarwa. In hanci ya nutse, shi ke karɓe tuƙin daga hannun direba, gindi kuma ya yi sakayau ya juyo.

Sai ya sa ni jan buhunan ɗaya bayan ɗaya. Biyu suka dawo gaban kujerar direba, a ƙasa sosai, daidai tsakiya. Muka gwada. Ya ce a ƙara ja da taku ɗaya. Muka gwada. Na ukun ya ce a bar shi gaba kaɗan, na huɗun kuwa a kan tudu zai kwana, don kowane kilo da ka ƙara gudu ne ka rage. Sau biyar muna zuwa muna dawowa. A na ƙarshe jirgin ya kwanta lif, ƙarar ruwan ma ta sauya, feshin ya koma fitowa daga bayan kujeru. Direba ya ɗaga tirim kaɗan, goshi ya tashi ya tsaya cak.

Wani abu da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne fetur. Lita ɗaya ta fetur kusan kashi uku cikin huɗu na kilo ce, don haka lita 200 ta kai kilo 150, buhun shinkafa uku. Jirgin da ya bar Ikoyi da cikakken tanki ba shi ne ke dawowa daga Badagry da yamma ba. Shi ya sa masu ƙira na ƙwarai ke sa tanki a ƙasa kusa da cibiyar nauyi, ko ya cika ko ya ragu ba ya ɓata zama. Jiragen tsere na teku kuma wasunsu suna da tankin ruwa a goshi: in teku ta yi fushi a zuƙo ruwa a cika shi ya danne hanci, in ta lafa a zubar. Baba ya ce sharaɗin shi ne ko cike ko wayam. Rabin tanki kamar ɗan garuwa ne da rabin garwa, ruwan na kai-komo yana jan sa.

Hagu da dama ma da nasu. Farfela in tana juyawa dama, jirgin karkata yake yi hagu, shi ya sa za ku ga kujerar direba a dama a yawancin masu inji ɗaya. Na Alhaji farfelolin biyu saɓanin juna suke juyawa, don haka wannan bai dame mu ba.

Kada ku ce yashi dabarar talaka ce. A ƙarshen 1966, a tafkin Coniston na Ingila, Donald Campbell, wani Bature mai neman kafa tarihin gudu a kan ruwa, ya sa wa jirginsa Bluebird K7 sabon injin jet, jirgi ya ƙi hawa kan ruwa sam, sai da aka ɗaura masa buhunan yashi a baya. Nasa akasin namu ne. A cikin jirgin nan ya rasu ranar 4 ga Janairun 1967 yana neman wuce mil 300 a awa, goshi ya tashi sama ya wuntsila da shi. A ruwan nan na Legas kuma aka yi tseren E1 a watan Oktoban 2025, jirage masu lantarki da ke ɗagowa kan fukafukai, har da ƙungiyar Didier Drogba. Baba ya kalla daga bakin gaɓa, ya ce shi inda suka ɓoye batir kawai yake son gani.

Yashin ba zai zauna ba, yana jiƙa ya ƙara nauyi, buhu kuma ya fashe ya toshe famfon kwashe ruwa. Baba ya yi wa wuraren alama da alli, jibi zai kawo dalma a ɗaure ta da kusoshi. Alhaji ya kira sau uku, yana tambaya ko a ƙara girman farfela. Baba ya ce in gaya masa ya fara lallaso Hajiya tukuna. Ni dai bari in nemi tsumma in goge kyamarar nan kafin gishiri ya cinye ta, sannan in tsallaka Obalende, cikina tun koko bai ga komai ba.