Darasi: Iyakar Gyaran Hoto Ga Mai Shiga Gasa

Assalamu alaikum masu kallo, barkanmu da sake haɗuwa. Darasinmu na yau ya shafi tambayar da masu ɗaukar hoto suka fi yi idan za su shiga gasa, wato ina iyakar gyaran da aka yarda a yi wa hoto a kwamfuta.

Manyan gasanni ba su hana gyara ba. Hoton da kyamara ta ajiye a tsarin RAW, wato ɗanyen fayil na asali da ba a yi masa gyara ba, yakan fito dishi-dishi, launinsa a kwance, sai an buɗe shi a manhaja irin su Lightroom ko Photoshop an daidaita shi. Saboda haka an yarda ku ƙara haske ko ku rage, ku gyara launi, ku yanke gefen hoton, ko ku mayar da shi fari da baƙi. Abin da aka hana a gasar hotunan jarida da ta namun daji shi ne ƙara wani abu da ba ya gaban kyamara a lokacin ɗauka, ko cire wanda yake wurin, ko matsar da shi daga inda yake.

Ku dubi wannan hoton da na buɗe, ku lura da sararin sama. Akwai ɗigo biyu baƙaƙe. Na hagu ƙura ce da ta zauna a kan sensar kyamara, wato sashen da ke karɓar haske a cikinta, kuma alamarta ita ce za ku same ta a wuri ɗaya a kowane hoto da aka ɗauka da wannan kyamara, gefenta kuma ba ya fita sosai. Wannan ana gogewa, domin ba ta cikin abin da ido ya gani. Na dama kuwa, idan muka zuƙo hoton, tsuntsu ne can nesa. Ko da ya ɓata muku tsari, ba ku da damar taɓa shi.

Kada wani ya ce abin ƙarami ne, ba za a damu ba. A shekarar 2010, gasar World Press Photo, wadda ake gudanarwa daga Amsterdam tun 1955, ta ƙwace lambar yabo daga hannun Stepan Rudik ɗan ƙasar Yukren, saboda ya goge ƙafar wani mutum da ta leƙo a bayan wani hannu da ya ɗauki hotonsa. Ya yanke hoton sosai, ya mayar da shi fari da baƙi, duk ba a yi magana ba. Ƙafar nan ce ta jawo masa.

Inda nake so ku fi mayar da hankali shi ne batun duhunta wani sashe na hoto, domin a nan ne masu kyakkyawar niyya suke faɗawa. Ga wannan hoton, akwai wata leda a ƙasa bayan mutumin. Idan na ɗan rage hasken wurin don ido ya tsaya a kan fuskarsa, ban yi laifi ba, tunda har yanzu ana ganin ledar. To amma ku ga yadda ta ɓace da na ci gaba da jan ma'aunin har wurin ya koma baƙi ƙirin. Ban yi amfani da abin gogewa ba, amma a wurin alƙalai na cire abu daga hoton, kuma hukuncin ɗaya ne. A ganina wannan ƙa'ida daidai take, domin mai kallo ya ba ku amana ne cewa abin da kuka nuna masa shi ne abin da ya faru. A gasar World Press Photo ta 2015, kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagaye na kusa da ƙarshe an fitar da su bayan an gwada su da fayilolinsu na asali.

Rukunin hotunan fasaha yana da sassauci, har akan yarda a haɗa hotuna da yawa su zama ɗaya, sai dai yawanci da sharaɗin kowane yanki ku ne kuka ɗauke shi da kanku. A 2023 Boris Eldagsen ɗan ƙasar Jamus ya ci wani rukuni a gasar Sony World Photography Awards da hoton da ƙirƙirarriyar basira ta samar, sannan ya ƙi karɓar kyautar. Tun daga nan gasanni da dama suka ƙara bayani a dokokinsu kan wannan batu, don haka ku karanta dokar rukunin da za ku shiga ta wannan shekarar, kada ku dogara da ta bara.

Ku kuma yi hattara da manhajojin yanzu, har da na waya, domin akwai masu cike gurbi ko share mutum da taɓawa ɗaya, kuma wannan cirewa ce ko ƙari. Ku saita kyamararku ta riƙa ajiye RAW, ku yi gyara a kan kwafi, ku adana na asalin tare da hotunan da kuka ɗauka kafinsa da bayansa, domin su alƙalai za su nema idan kun kai zagayen ƙarshe. Kafin ku tura, ku jera na asalin da wanda kuka gyara gefe da gefe, ku ƙara wa dukansu haske sosai, ku bi kusurwa-kusurwa ku tabbatar duk abin da ke cikin na farko yana nan a cikin na biyu.