Katangar da ke zagaye da tankin mai

Duk wanda ya taɓa shiga Apapa ko Ibafon ko Ijegun a Legas da tanka domin lodin mai ya ga manyan tankunan da ke jere a bakin ruwa. Abin da ido bai cika kula da shi ba shi ne gajeriyar katangar kankare da ta zagaye su, alhali kuwa a kanta shirin hana malalar mai ya dogara.

Aikin katangar shi ne ta tare man idan tanki ya tsage ko ya cika ya tumbatsa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce filin da ke cikinta ya iya riƙe kashi 110 cikin 100 na abin da tanki mafi girma yake ɗauka, wato idan tankin na lita miliyan 10 ne, filin ya ɗauki miliyan 11. Rarar da aka bari ta ruwan sama ce da kumfar kashe gobara.

A nan ne damunar Legas take shigowa cikin lissafi. Ruwa yana taruwa a cikin katangar, dole kuma a fitar da shi, saboda haka akwai bawul a gindinta. Wannan bawul ya kamata ya zauna a rufe, ba a buɗe shi sai an duba fuskar ruwan an tabbatar babu maiƙo, sannan ruwan ya bi ta ramin da ke raba mai da ruwa kafin ya shiga kwata. Ma'aikacin da ya gaji da zuwa buɗewa da rufewa ya bar shi a buɗe har wayewar gari ya mayar da katangar ado kawai, domin duk abin da ya zuba a daren zai bi kwata ya faɗa ruwan da masunta ke kamun kifi. A ƙasa mai rairayi, inda ruwan rijiya yake kusa, wanda bai kai kogi ba ma nitsewa yake yi ya gurɓata rijiyoyin unguwa.

Ta fuskar doka, lasisin daffo, wato ma'ajiyar mai irin wannan, yana hannun NMDPRA, hukumar da ke kula da tacewa da rarraba mai, wadda dokar masana'antar man fetur ta 2021 ta kafa bayan rushe tsohuwar hukumar kula da albarkatun mai, DPR. Malalar mai kuwa hurumin NOSDRA ne, hukumar ganowa da magance malalar mai, wadda aka kafa da dokar 2006. Dokar ta wajabta a sanar da NOSDRA a rubuce cikin sa'o'i 24 bayan mai ya malale, wanda ya yi shiru kuma tararsa naira 500,000 ce a kan kowace rana, ban da naira miliyan 1 idan ya ƙi tsabtace wurin. Jihar Legas ma tana da tata hukumar muhalli, LASEPA.

Rubutaccen shirin daffo ya kamata ya nuna inda mai zai gangara idan ya zuba, da wanda za a fara kira, da inda aka ajiye shingen da ake shimfiɗawa a kan ruwa da kayan tsotse mai. Shirin da ke kulle a ofishin manaja ba ya amfanar mai gadin dare ko direban da ke tsaye a wurin lodi, don haka ake yin atisaye tare da su, cikin harshen da suke ji, har kowa ya san maɓallin da ke tsayar da famfo.