Yadda wake ke gadon garkuwa daga wuta-wuta

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da manoman da suka samu zuwa, barkanmu da warhaka.

Wuta-wutar da nake nufi yau ita ce ta wake, wadda masana ke kira Striga gesnerioides, ba ta dawa da gero ba. Irinta ƙanana ne kamar ƙura, kuma yana iya kwanciya a ƙasa shekaru fiye da goma. Ba ya tsirowa sai ya ji sinadarin da saiwar wake ke fitarwa. Da ya ji, sai ya tsiro, ya maƙale a saiwar, ya yi ta tsotson ruwa da abinci. Kafin ka ga furenta a sarari, ta riga ta gama ɓarnar. Shi ya sa noma da fartanya ba ya maganinta.

To, akwai wani waken gargajiya daga Botswana, ana kiransa B301. Wuta-wuta tana kama saiwarsa, amma sai naman saiwar da ke wurin ya mutu, ita kuma ta bushe ba ta kai ga jijiyar ruwa ba. Masu bincike irin su B. B. Singh na cibiyar binciken noma ta IITA da A. M. Emechebe na Samaru suka yi barbararsa da wake mai kamuwa, don su ga yadda ake gadon wannan hali.

Ku saurari sakamakon da kyau. 'Ya'yan farko duk sun tsira. Da aka bar su suka hayayyafa, a jikoki sai aka ga cikin kowane huɗu, uku lafiya lau, ɗaya ya kamu. Ɗalibai, kun san wannan lissafi, uku da ɗaya: ƙwayar gado guda ce, mai rinjaye. Aka sa mata suna Rsg1. Game da wata ciyawar kuwa da ita ma take kama saiwar wake, Alectra mai rawayan fure, rabon ya fito 15 da 1, wato ƙwayoyin gado biyu ne, kowace ɗaya ta wadatar.

Wannan sauƙi ne babba ga mai kyautata iri. B301 ɗin ƙwayarsa ƙanana ne, ba wanda zai saye shi a kasuwa. Amma tunda hali guda ake nema, sai a yi ta mayar da barbara kan wake mai kyau har a kwashe garkuwar a bar sauran. Ta irin wannan aiki aka samu IT97K-499-35, wanda Najeriya ta fitar da sunan SAMPEA 10 a 2008. Kuma wake kansa yake yi wa barbara, don haka manomi zai iya ajiye irinsa, halin bai gushe ba.

Sai dai, jama'a, a nan nake son mu yi hattara. Wuta-wuta ba jinsi ɗaya ba ce. Ta Burkina Faso daban, ta Mali daban, ta Najeriya da Nijar ita ake kira SG3, ga ta Kamaru, ga ta Benin. A Zakpota ta ƙasar Benin an samu wadda ke cin B301 ɗin nan da muke yabo. A 2009 Li da Timko na Jami'ar Virginia suka gano ainihin ƙwayar gadon da ke hana SG3 cin B301, kuma aikinta gane maharin ne. In maharin ya sauya kama, an wuce ta.

A ganina, dogaro da ƙwaya ɗaya kasada ce. A tara biyu ko uku a iri guda, misali a haɗa da ta waken Suvita-2 na Burkina Faso, kuma a gwada kowane iri a ƙasar da za a shuka shi kafin a raba wa manoma.

Mai tambaya, bismillah.