Ba Ni Gishiri In Ba Ka Manda: Yadda Ake Gwada Turanci da Baƙi a Intanet

Jama'a, assalamu alaikum, barkanku da wannan lokaci.

Ka yi shekara da shekaru kana zaman aji, ana koyar da kai da Turanci. Ka ci jarrabawar WAEC. Kana karanta jarida, kana kallon ƙwallo kana gane abin da mai sharhi yake faɗa. Amma ranar da aka kira ka intabiyu, ko wani baƙo ya tare ka da tambaya, sai ka ji harshenka ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse. Kalmomin suna nan cikin kanka, sun ƙi fitowa. Sai an rabu, kana kan hanyar gida, amsar take zuwa maka tsaf, a lokacin da ba ta da sauran amfani.

Wannan ba rashin ƙwaƙwalwa ba ne. Wata malamar jami'a a Kanada mai suna Merrill Swain ta yi bayanin irin wannan matsalar tun 1985. Ta duba yaran da Turanci ne harshensu na gida, aka sa su makarantun da ake koyar da darussa da Faransanci. Bayan shekaru, yaran suna jin Faransanci kusan kamar 'yan gida, amma da sun buɗe baki ko sun ɗauki alƙalami, sai kurakuran nahawu su yi ta zubowa. Ta ce dalili shi ne kunnensu ya sha aiki, bakinsu kuwa ba a matsa masa ba. In kana sauraro, ko kalma biyu ka tsinta cikin jimla za ka iya cankar sauran. In kai ne mai magana, babu canka, dole ka gina jimlar da kanka tun daga tushe, kuma a nan ne kake gano inda gininka yake da ɓaraka.

To da wa za ka yi maganar? Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ka je majalisa ka fara Turanci, kafin ka kai ƙarshen jimla wani ya ce, “A'a, Bature ya iso!” In kuma ka kwafsa, shi ke nan, ka samu sabon suna har ka tsufa. Kunyar idon sani ce take ɗaure mana harshe. Shi kuwa baƙon da ke zaune a Jakarta ko Sao Paulo bai san gidanku ba, bai san abokanka ba, gobe ba za ku haɗu a bakin masallaci ba. In ka yi kuskure a gabansa, kuskuren a wayar zai tsaya.

Wannan dabara ta gwada harshe da baƙo ta girmi wayar salula. Bayan Faransa da Jamus sun ƙulla yarjejeniyar abota a 1963, an riƙa haɗa matasan ƙasashen biyu a wuri ɗaya, kowa yana koya wa ɗan'uwansa harshensa. Aka kira tsarin da suna tandem, wato keken nan mai sirdi biyu da mutum biyu ke tuƙawa tare. A 1979 wani Bajamushe, Jürgen Wolff, ya tsara shi sosai a birnin Madrid, yana haɗa masu jin Jamusanci da masu jin Sifaniyanci bibbiyu. Da intanet ta zo, Jami'ar Bochum a Jamus ta mayar da abin ta hanyar imel a shekarun 1990. Ƙa'idojinsa biyu ne tun asali. Kowa ya bayar daidai yadda ya karɓa, sannan kowa shi ne mai kula da karatun kansa, babu malami a sama. Mu dai mun daɗe da sanin sunan wannan ciniki, ba ni gishiri in ba ka manda.

Yau abin yana cikin aljihu. Akwai HelloTalk, manhajar da aka ƙirƙiro a Shenzhen ta ƙasar Sin. Akwai Tandem da ke Berlin, wadda ta fito a 2015. Akwai Free4Talk, inda kake shiga ɗakin hira na murya ka tarar da mutum uku ko biyar suna zance. Tsarin kusan ɗaya ne. Ka rubuta harshen da ka iya, ka rubuta wanda kake nema, manhaja ta jero maka mutane. Kuna iya rubutu, kuna iya tura saƙon murya, kuna iya kira. A wasunsu, abokin hirarka zai iya taɓa jimlar da ka rubuta ya gyara ta, ka ga inda ya soke da abin da ya sa a madadinsa.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Ciniki ne, kuma kasuwar ba daidai take ba. Duk duniya Turanci ake nema. Ba'amurke ko ɗan Ingila da ya buɗe shafi yana son koyon Japananci, kafin dare ya yi saƙonni sun yi masa yawa, kuma Bajapane yake jira. Kai da ka zo da Hausa, wa ke neman hajarka? Akwai su. An daɗe ana koyar da Hausa a jami'o'i irin su na Hamburg, da Warsaw, da Beijing, kuma akwai 'ya'yan Hausawa da aka haifa a waje suna neman harshen iyayensu. In ka dace da irin waɗannan, ka riƙe su hannu bibbiyu. Amma ba su da yawa. Saboda haka in ka tura saƙo ashirin aka amsa biyu, kada ka ce an raina ka, haka kasuwar take.

Abin da ni nake gani ya fi shi ne ka daina farautar Bature. Masu magana da Turanci a matsayin harshe na biyu sun fi waɗanda suka tashi da shi yawa nesa ba kusa ba. Likitan da za ka gani a Indiya ko Masar, ɗan kasuwar da za ka yi ciniki da shi a Dubai ko Guangzhou, duk da Turancin koyo za ku yi magana. To ɗalibi ɗan Turkiyya ko ma'aikaciyar jinya 'yar Indonesiya da ke neman abokin gwaji, buƙatarku ɗaya, kuma ba sa gaggawar katse ka. Wani lokacin ma kai ne za ka fi su, musamman in a Najeriya ko Gana ka yi makaranta, ka ga ka zama mai gyara. Wanda kuma ya taso a Nijar, Kamaru ko Chadi yana da Faransanci a hannu, mai Larabci shi ma yana da nasa, kuma waɗannan harsuna biyu suna da masu nema sosai. Ka rubuta su a shafinka. Illar hira tsakanin ɗalibi da ɗalibi ɗaya ce, wani kuskuren zai wuce babu wanda ya gan shi, kuna iya ma musayar kurakurai. Shi ya sa ake gaurayawa, ba a tsaya wa mutum ɗaya.

Yanzu saƙon farko. Yawancin mutane gaisuwa kawai suke turawa, a amsa musu, su sake wata gaisuwar, zance ya mutu. A wurinmu doguwar gaisuwa mutunci ce, a tambayi gida, a tambayi aiki, a tambayi gajiya. A can kuwa wanda ya ga gaisuwa tsura sau talatin a yini ba zai buɗe ta talatin da ɗaya ba. Ka karanta abin da mutum ya rubuta a kansa. In ya ce yana son girki, ka tambaye shi abin da ake ci da safe a garinsu, ka gaya masa naku koko da ƙosai ne. Ka ba shi abin da zai kama.

In an kai ga kira, ku yi magana a kan tsari kafin a fara. Minti talatin ya isa. In harshe biyu ne, sha biyar naka, sha biyar nasa, kuma a duba agogo da gaske, domin harshen da ya fi sauƙi ga ku biyun shi ne yake cinye lokacin ɗayan ba tare da an ankara ba. Sannan ku yanke yadda za a yi gyara. Wanda ake katsewa a kowace jimla, minti biyar zai yi ya yi gum. Gara abokinka ya riƙa rubutawa, in ka gama ya ba ka guda uku da suka fi girma. Uku kawai. Goma ba za su zauna ba.

Kuma kada ka shiga hannu rabbana. Mene ne sunanka, daga ina kake, me kake yi, wannan duk a kiran farko zai ƙare, kuma akwai masu shekara guda suna maimaita shi da sababbin mutane suna zaton suna ci gaba. Ka zo da batu. Ka gwada bayyana wa wanda bai taɓa gani ba yadda ake yin kilishi, ko abin da ke faruwa ranar hawan sallah, ko yadda ake adashi. A nan za ka ji gumi, domin wasu abubuwan ba su da kalma a Turanci, dole ka zagaya ka kwatanta, kuma wannan zagayen shi ne ainihin gwanintar magana. Masu shirin jarrabawar IELTS, wato ta auna iya Turanci, su lura, ɓangaren magana minti 11 zuwa 14 ne, a tsakiyarsa ana ba ka batu, a ba ka minti ɗaya ka shirya, sannan ka yi magana har zuwa minti biyu kai kaɗai. Ka sa abokinka ya riƙe maka agogo ku gwada. Minti biyu yana da tsawo in kai ne kake cika shi.

Bari in ɗan tsaya kan lafazi, domin a nan ake yawan ce wa Bahaushe, “Sake faɗa.” Dubi kalmomin da muka aro. Pencil ya zama fensir, passenger ya zama fasinja, driver ya zama direba, bread ya zama burodi. Sun tona asirin bakinmu. Hausa ba ta bambanta sautin p da f, ba ta da v, kuma ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a farkon kalma sai ta cusa wasali a tsakani. Ba aibi ba ne, kowane harshe da irin nasa, Bajapane ma yana fama da r da l. Amma pan da fan abu biyu ne daban, haka vote da boat. Ka roƙi abokin hirarka ya saurari waɗannan musamman. Sauran karin harshenka kuwa ka bar abinka, ba sai ka koma magana ta hanci ba kafin a gane ka.

Batun data, kiran murya ya fi bidiyo sauƙi sosai, kuma ya fi jure rashin ƙarfin sabis. Batun lokaci kuma, Istanbul tana gabanmu da awa 2, Jakarta da awa 6, Sao Paulo tana bayanmu da awa 4. Bayan isha'i a Kano, ɗan Indonesiya ya daɗe da barci, ɗan Brazil kuwa yanzu yake shirin tashi daga aiki.

Sai abin da bai kamata in tsallake ba. Baƙo baƙo ne. Akwai shafin Omegle da ya yi shekara 14 yana haɗa mutane da ka, ba rajista ba tantancewa, aka rufe shi a Nuwamban 2023 bayan ƙorafe-ƙorafe da ƙararraki kan cin zarafin yara. Manhajojin koyon harshe sun fi shi tsari, amma su ma 'yan damfara suna shiga. Alamarsu ba ta ɓuya. Kwana biyu da haɗuwa ya ce ku koma WhatsApp ko Telegram. Ya fara zancen soyayya tun ba ku san juna ba. Ya kawo labarin wata harkar kirifto mai riba. Ya nemi hoto, ko ya ce ka turo masa lambobin da aka aiko maka ta tes. Duk wanda ya yi ɗaya daga cikin waɗannan, ka toshe shi ka kai rahotonsa, ba sai ka yi sallama ba. 'Yan'uwa mata, ku abin ya fi damu, domin wasu mazan sun mayar da wuraren nan dandalin neman aure. Ki duba saitin manhajar, wasu suna ba da damar taƙaita waɗanda za su iya tuntuɓarki, kuma ba dole ba ne ki kunna kyamara. Iyaye kuma kada a bar yaro shi kaɗai a ɗakunan hira na murya.

Akwai kuma ɗaya gefen, mai ɗan ciwo. Wani da ya ga tutar Najeriya a shafinka zai ja baya, saboda sunan da 'yan 419 suka ɓata mana. Ba laifinka ba ne, amma da shi za ka yi aiki. Ka cika shafinka sosai, ka faɗi dalilin da ya sa kake koyon Turanci, kada ka zama kai ne mai gaggawar neman lambar waya, kuma ko da wasa kada zancen kuɗi ya fito daga bakinka.

Abokin hira ba malami ba ne. Ka tambayi Bahaushe me ya sa jam'in gida gidaje, jam'in doki kuma dawaki, zai ce maka haka ake faɗa. Shi ma Bature haka zai ce maka a kan nasa. In ƙa'idar nahawu kake nema, littafi ko malami za ka nufa, kuma akwai shafuka irin su italki da ake biyan malami kuɗin darasi.

Da an ajiye waya, kafin ka tashi, ɗauki littafi ka rubuta gyaran nan uku da kuma kalmar da ka nema ka rasa a tsakiyar zance. A kira na gaba ka san yadda za ka yi ka cusa su. Kuma ka sa a ranka cewa yawancin waɗanda za ka haɗu da su mako ɗaya ko biyu za su yi su ɓace, ba faɗa ba sallama. Ka ci gaba da nema har ka samu mutum biyu ko uku masu cika alƙawari, ku tsayar da rana da lokaci, kamar Talata da Asabar bayan isha'i.