Amsoshin Tambayoyinku: Damuwa ta hana ni barci, zunubi nake yi?

Mai gabatarwa: Jama'a masu sauraro, barkanmu da yamma, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku. Daga nan Katsina ta Dikko ɗakin kara, ga mu a filin amsoshin tambayoyinku. Wasiƙun wannan mako kusan duk maganarsu ɗaya ce, damuwa. Baba Fasto, barka da zuwa.

Fasto: Barka kadai, 'yata. Karanto mu ji.

Mai gabatarwa: Ta farko daga wata uwa ce a wajen Ƙofar Ƙaura. Ta ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, ƙosai take soyawa da safe. Ta ce, "Tun da aka cire tallafin mai a 2023 komai ya yi tashin gwauron zabi, wake da man gyaɗa sun cinye ribar. In na kwanta sai lissafi: kuɗin makaranta, kuɗin haya, masarar gobe. Har asuba idona biyu. Na faɗa wa wata a zumuntar mata, ta ce rashin bangaskiya ne, tun da Yesu ya ce kada mu damu. Zunubi nake yi?"

Fasto: Mama, sannu, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Maganar da aka yi miki ta yi mini zafi, domin kin je da kaya ɗaya, kin dawo da biyu: ga rashin kuɗi, ga kunyar cewa kin gaza a gaban Allah. Ki ajiye na biyun tun yanzu. Manzo Bulus da kansa, a 2 Korantiyawa sura 11, da ya gama lissafa duka da yunwa da haɗarin jirgin ruwa, ya ƙara da cewa kullum nauyin ikkilisiyoyi yana kansa. Ubangijinmu a Getsamani ya gaya wa almajiransa cewa ransa yana cikin baƙin ciki kamar ya mutu. Wa zai ce waɗannan ba su da bangaskiya?

Ki duba su wa Yesu yake yi wa magana a Matiyu 6, daga aya 25 zuwa 34. Yawancinsu talakawa ne, masunta da 'yan ƙwadago, waɗanda in ba su fita ba, ba a ɗora tukunya. Abin da ya ambata ma ci ne da sha da sutura, irin lissafinki na dare. Bai ce waɗannan ba komai ba ne. Cewa ya yi Ubanku na sama ya san kuna bukatarsu. Wannan rarrashin uba ne, ba tsawa ba. Iyayenmu da kakanninmu suna karanta ayoyin nan da Hausa tun 1932 da aka buga Littafi Mai Tsarki dukansa a harshenmu, sun karanta su a shekarun fari da na ƙoshi, ba su same su ƙarya ba.

Amma akwai tambayar da ya yi a aya 27, ita nake so ki riƙe: wa zai ƙara wa ransa ko da taki ɗaya ta wurin damuwa? Lissafin ƙarfe ukun dare bai taɓa rage kuɗin haya ba. Abin da yake ragewa ƙarfinki ne, ki tashi da ciwon kai ki tsaya gaban kasko. Shi ya sa ya ce wahalar kowace rana ta ishe ta. A Fitowa 16, da Allah ya ciyar da Isra'ilawa da manna a jeji, kowa na yini ɗaya yake tarawa, sai rana ta shida da ake tara na kwana biyu. Waɗanda tsoro ya sa suka ɓoye saura, da safe suka tarar ya yi tsutsa yana wari. Shekara 40 ana haka, ba ranar da suka kwana da yunwa don sun dogara gare shi.

To me za ki yi in dare ya yi? Filibiyawa 4, aya 6 da 7, wadda Bulus ya rubuta yana ɗaure, ta ce ki kai roƙonki ga Allah tare da godiya. Kada ki tsaya a "Ya Ubangiji ka taimake ni" kawai. Ki kira abin da sunansa. Kuɗin makarantar wance, nawa ne, yaushe wa'adin. Hayar ɗaki, saura wata nawa. In kin gama, ki ambaci abin da ya yi miki yau, ko da cinikin ya ƙare ne da wuri. Sannan ki raba su: wanne ne yake da abin yi gobe da safe, wanne ne ya fi ƙarfina? Na farkon ki tashi ki yi. Ki je wurin shugaban makaranta ki roƙi a karɓa kashi-kashi, ki shiga adashe ko na ɗan kaɗan ne. Na biyun ki bar wa mai shi. Kin ga mace in ta ɗauko itace daga daji, ta iso ƙofar gida wuya ya ƙage, ba ta iya sauke shi ita kaɗai, sai ta ce "taya ni". Abin da 1 Bitrus 5:7 take nufi ke nan da ta ce ku ɗora masa dukan damuwarku domin yana kula da ku. In tunanin ya dawo bayan minti goma, ki sake miƙawa, ba ya gajiya.

Ku kuma 'yan zumunta da dattawan ikkilisiya, ina magana da ku. Yaƙub 1:27 ta ce addini na gaske shi ne kula da marayu da gwauraye. In gwauruwa ta buɗe baki ta faɗi damuwarta, kafin a ja mata aya a tambaye ta ko yara sun ci abinci. Amsar addu'arta sau da yawa tana cikin rumbun ɗayanmu.

Mai gabatarwa: Haka ne, Baba. Ta biyu daga wani manomi ce, ya ce shi mutumin yankin Ƙanƙara ne amma yanzu yana zaune wurin ɗan'uwansa a nan cikin gari. Ya ce ɓarayin daji ne suka sa ya baro gonarsa. Wasu suna ce masa da ya dogara ga Allah da bai gudu ba. Yana tambaya, taka-tsantsan ya saɓa wa dogara ga Allah?

Fasto: Ɗan'uwa, ko kusa. Mu mutanen jihar nan ba labari muke ji ba. Ba mu manta da Disambar 2020 ba, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, kuma mun san halin da Batsari da Safana da Jibiya da Faskari suka shiga, Kirista da Musulmi duk ba wanda ya tsira. Yusufu mijin Maryamu ya tashi da dare ya gudu da jariri Yesu zuwa Masar, kuma mala'ikan Ubangiji ne ya ce ya tafi. Nehemiya 4:9 ta ce da maƙiya suka taso, Nehemiya da mutanensa sun yi addu'a, sun kuma sa masu gadi dare da rana. Duka biyun, a aya ɗaya. Ka kuɓutar da iyalinka, ka yi daidai. Abin da zan gargaɗe ka a kai shi ne abin da ke biyo baya: zaman jugum, kunne a waya, kowace jita-jita ka saurara, kowane hoton gawa ka buɗe. Ka nemi labari daga wanda ka amince da shi sau ɗaya a yini, ya isa. Ka nemi abin yi, ko ƙwadago ne, ko ɗan fili na aro a gefen gari. Ka kuma je sujada ko da ba ikkilisiyar da ka saba ba ce, ka gaya musu daga ina ka fito.

Mai gabatarwa: Lokaci yana hararar mu, amma ga wata gajeriya daga wani saurayi a Daura. Ya gama makaranta, ba aiki. Ya ce ƙirjinsa yana bugawa haka kawai, numfashi yana sarƙewa, abinci ya fita ransa, wata uku ke nan. Ya yi azumi, bai ga sauyi ba.

Fasto: Ɗana, ka dakatar da azumin tukuna, ka je asibiti a wannan mako. A auna jininka, ka gaya wa likita komai, har da rashin barci da tunanin da ke zuwa maka. Akwai damuwar da ta zama ciwo, kuma tana da magani. A 1 Sarakuna 19, annabi Iliya ya gudu daga sarauniya Yezebel, ya zauna ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa. Allah bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko masa da gurasa da ruwa har sau biyu, sai daga baya suka yi magana. In kuma ka taɓa jin zuciyarka tana raya maka ka cutar da kanka, kada ka kwana da shi kai kaɗai, yau ɗin nan ka faɗa wa mahaifinka ko fastonka ko wani babba da ka yarda da shi. Ka sake rubuto mana bayan ka ga likita, ina so in ji.

Mai gabatarwa: Mun gode, Baba Fasto. Mai tambaya a kan bashi da kuma 'yar'uwar da ta rubuto daga Malumfashi, ku yi haƙuri, da naku za mu fara mako mai zuwa in Ubangiji ya yarda. A huta lafiya.