Layin da ya kwanta a giraf: motar ta tsaya ne ko tana tafiya?

Duk lokacin da jarrabawar WAEC ko JAMB ta ƙarato, zanen giraf na tafiyar mota, wanda layinsa ya hau, ya kwanta, sannan ya gangaro, yakan raba kan ɗaliban Fiziks gida biyu: wasu su ce motar ta tsaya cik a tsakiya, wasu su ce tana kan gudu.

Ku fara duba abin da aka rubuta a jikin layuka biyu na gefen zanen. Na kwance lokaci ne, ana ƙirga shi da sakan, na tsaye kuma gudun motar ne, wato mita nawa take ci a kowane sakan. Motar ta tashi daga tsaye, cikin sakan 10 gudunta ya kai mita 20 a kowane sakan, ke nan gudunta yana ƙaruwa da mita 2 a kowane sakan. Wannan ɓangaren ba ya ba kowa wahala.

Rikicin yana nan inda layin ya kwanta, daga sakan 10 zuwa sakan 40. Ido yana ganin layi a kwance sai ya raya wa mutum cewa motar ta huta, alhali abin da bai canza ba shi ne gudun. Ku dubi allurar gaban direba mai nuna gudu, tana nan daram a wuri ɗaya, amma bishiyoyin bakin hanya suna ta wucewa. A cikin sakan 30 ɗin nan motar ta ci mita 600, kuma duk fasinjan da ya yarda cewa ta tsaya, to, ina roƙonsa da kada ya buɗe ƙofa.

Da a ce nisa aka rubuta a layin tsaye, da masu cewa ta tsaya sun yi gaskiya, domin lokaci yana tafiya, nisan bai ƙaru ba. Siffar zanen ɗaya ce, rubutun gefe ne ya bambanta su, kuma a ganina garaje ne yake hana yawancin ɗalibai karanta shi.

Haka nan inda layin ya gangaro a ƙarshe, motar ba ta sauko daga tudu ba, ba ta kuma juya baya ba, birki direban ya taka har ta tsaya cikin sakan 5.

Jimillar nisan kuwa ita ce faɗin filin da ke ƙarƙashin layin, dabarar da malamin Faransa Nicole Oresme ya zana tun a ƙarni na 14. Kusurwa ukun farko ta ba da mita 100, tsakiya 600, ta ƙarshe 50, duka mita 750.