Lacca: Koyarwa a jami'a ko aiki a sashen kula da ma'aikata na kamfani?

Assalamu alaikum warahmatullah. Toh, ina godiya ga shugaban taro, da ku ɗalibai da kuka daure kuka zauna har yanzu. Abin da aka ce in yi magana a kai tambaya ce da kusan duk wanda ya gama mastas a fannin gudanarwa ko nazarin halayyar ɗan Adam yake zuwa min da ita, wai malam in zarce in yi digiri na uku in zama malamin jami'a ne, ko in karɓi aikin da kamfani ya ba ni a sashen kula da ma'aikata, wanda kuke kira HR. Ni dai na taɓa duka biyun, shekara 6 ina koyarwa, sannan na fita na yi shekara 9 a kamfani, don haka da bakin wanda ya gani zan yi magana.

Yawancinku da albashi kuke fara lissafi, kuma ban ga laifinku ba, kowa da nauyin da ke kansa. A galibin wurare kamfani ya fi biya a farkon aiki. Amma abin da na ga yana fitar da mutane daga aiki shi ne mutum ya tashi da safe ya ji zuciyarsa ba ta son abin da zai wuni yana yi. A jami'a tambayar da kake bi taka ce, kai ka zaɓe ta, amma sai ka yi shekaru kafin ka ga amsa. A kamfani matsalar wani ce za a ajiye maka a tebur, kuma kafin a tashi aiki ake son ka warware.

Bari in fara da jami'a. Digiri na uku a Ingila shekara 3 zuwa 4 ne, a Amurka yakan kai 5 ko 6 har ma fiye, kuma duk tsawon nan kana rayuwar ɗalibi alhali abokanka sun yi nisa a wurin aiki. In ka gama ma ba shi kenan ba. A Amurka akwai tsarin tabbatar da malami a kujerarsa dindindin, ƙungiyar malaman jami'o'insu ta AAUP ta fitar da sanarwa tun 1940 cewa lokacin gwaji kada ya wuce shekara 7, amma yau mafi yawan masu koyarwa a can ba ma a kan wannan layin suke ba, kwantiragi ne, wani na shekara wani na zango ɗaya. Kuma ƙarin girma da bincike ake samunsa, ko ka fi kowa iya koyarwa in ba ka buga takardu ba a wuri ɗaya za ka tsaya.

Ni akwai binciken da na yi shekara 2 ina tattara bayanansa, kan abin da ke sa sabon ma'aikaci ya ajiye aiki tun a shekararsa ta farko. Na rubuta na aika wa wata mujallar masana, wata 11 shiru, kullum sai na buɗe imel, rannan sai ga shafi 4 na gyare-gyare daga mutum biyu da ban san su ba su ma ba su san ni ba, haka tsarin yake, ba a bayyana suna. Na zauna na gyara layi bayan layi, na mayar, suka ce ba za su buga ba. Sai da aka ƙara shekara wata mujallar ta karɓa. Wallahi ranar da na ga sunana a kai na ji daɗin da har yau ban manta ba, domin abin nan nawa ne, ni na gano shi, kuma duk wanda zai zo bayana sai ya bi ta kansa. In kana jin irin wannan daɗin zai iya riƙe ka shekara uku kana jira, toh akwai malami a jikinka.

Yanzu kamfani. Ɗalibai da yawa suna ce min, malam ni ina son mutane shi ya sa nake son HR. Madalla, asalin aikin ma daga nan ya taso, a 1913 aka kafa ƙungiyar masu kula da jin daɗin ma'aikatan masana'antu a birnin York na Ingila, yawancinsu mata, ita ce ta rikiɗe ta zama CIPD ta yanzu, wato ƙungiyar ƙwararrun masu aikin HR ta Birtaniya. Amma aikin ya canza sosai, musamman daga 1997 da Dave Ulrich na jami'ar Michigan ya yaɗa ra'ayin cewa mai wannan ofis ya zama abokin shawarar shugabannin kamfani a harkar kasuwancin kanta. Kun ga kenan kana tsakiya. Ma'aikaci wurinka zai kawo kuka, amma kamfani ne ke biyanka albashi, kuma akwai ranar da bukatun biyun za su yi karo a kan teburinka.

Tawa ranar ta zo a shekarata ta uku. Aka yanke shawarar rage ma'aikata, aka miƙo min sunaye 23, ba ni na zaɓa ba amma ni zan faɗa musu. Akwai wani dattijo da ya yi shekara 14 a wurin, ya shigo ya zauna, na tura masa takardar, bai ko buɗe ba, ya cire katin aikinsa daga wuya ya ɗora a kai yana ta gyara igiyar da yatsa, can ya ɗago ya ce ranka ya daɗe inshorar lafiyar fa, 'yata tana kan magani. Ban yi barci ba a daren nan. Washegari na shiga wurin manajan kuɗi da lissafi a hannu, muka yi ta ja, har aka amince a bar wa dukkansu inshorar na ƙarin wata 3. Wannan shi ne aikin, da ɗacinsa da amfaninsa a haɗe. Babu takardar binciken da na taɓa rubutawa da ta taɓa rayuwar mutum 23 cikin kwana biyu.

Kada kuma ku ɗauka hanyoyin ba sa haɗuwa. Binciken Hawthorne kan abin da ke shafar ƙwazon ma'aikata, da aka yi daga 1924 zuwa 1932 a masana'antar Western Electric kusa da Chicago, wanda Elton Mayo na Harvard ya shiga ciki, a cikin kamfani aka yi shi. A 1998 wasu masana biyu, Schmidt da Hunter, suka tattara binciken shekara 85 kan ɗaukar ma'aikata, suka nuna intabiyu mai tsararrun tambayoyi ta fi hirar kara zube nuna wanda zai iya aiki, kuma da wannan na canza yadda muke ɗaukar mutane a wurinmu. Google ma sun yi nasu binciken kan abin da ke sa manaja ya zama nagari. Wanda ya iya lissafin bayanai yana da daraja a kamfani yanzu, sai dai abin da ka gano na kamfani ne, sau da yawa ba za a bari ka buga ba.

Kuma nan ne nake so ku buɗe kunne. Fita daga jami'a zuwa kamfani ya fi sauƙi a kan dawowa. In ka yi shekara 9 a waje ba ka buga komai ba, kwamitin ɗaukar malamai jerin takardunka zai fara dubawa, ƙwarewarka za ta iya sa a gayyace ka koyar da kwas ɗaya ko biyu, amma kujerar bincike sai ka sake hawa daga ƙasa.

Na ga hannu a baya, 'yar uwa bismillah.

Tambayarta ita ce, in mutum bai tabbatar ba fa, ya zai yi? Toh 'yar uwa, ki nemi malami ki ce ya bar ki ki zauna da shi lokacin makin jarrabawa, ki ga tulin takardun da gyaran aikin ɗalibai da taron sashe, ba ranar lacca kawai ba. Sannan ki nemi horon wata 3 a ofishin ma'aikata na wani kamfani, ki roƙa a bar ki ki zauna a zaman ladabtarwa ko sau ɗaya ne, ki saurari yadda ake yi wa mutum tambayoyi aikinsa na rawa. In an ba ki gurbin digiri na uku ki tambaya ko za su ɗaga miki shi shekara guda, jami'o'i da yawa suna yarda. Shugaba yana nuna min agogo, mu ɗauki tambaya ɗaya daga wannan ɓangaren.